Gurbin da Ba a Cike Ba

4 ga Fabrairu

Bakanike,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da matarka da jaririyar da har yau a hoto kawai na san ta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa. Babanka yana gaishe ka, ya kuma ce in gaya maka bai mutu ba tukuna, ko da labari ya iso maka haka. Na ce masa ni ƙanwarsa ce ba 'yar aikensa ba, amma ga shi na faɗa.

Da hannu na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in tura maka, domin na gane maganar waya da kai iska ce. "To Goggo, to Goggo," ka kashe, shi ke nan.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An kawo mana sabuwar kwamfuta a sashen masu tarin fuka. Tsohuwar ta gaji kamar mai ita, in ka kunna ta sai ka je ka haɗa shayi ka dawo kafin ta buɗe ido. Ka dai tuna abin da ka rubuta mini a cikinta shekara tara da suka wuce, lokacin kana ɗalibi kana zaune a gidana kana cinye mini abinci. Kowace safiya in buɗe baƙin allon nan, in rubuta kalma ɗaya, in danna, sai firinta ta fito mini da sunayen waɗanda suka wuce mako biyu ba su karɓi magani ba. In ɗauki takardar in bi su da waya, wanda bai ɗauka ba in bi shi da ƙafa. Shekara tara abin nan bai taɓa ba ni kunya ba, kuma shi ne abu ɗaya da nake yi maka alfahari da shi a gaban mutane.

To, mai kwamfuta na ofis ya kwashe komai ya zuba a sabuwar, ya ce har baƙin allon ya sako mini sabon yayi. Na rubuta kalmata, na danna, sai ga jan rubutu layi biyar kamar an yi yanka. Mai kwamfuta ya leƙa, ya ce wannan ba fanninsa ba ne, a nemi wanda ya rubuta. Na ce ai wanda ya rubuta ni na goye shi, kuma na ji ana cewa yanzu yana cikin manyan da ke ƙera baƙin allon kansa. Ya ce to ai kin huta. Na ce ba ka san shi ba.

Na haɗo maka hoton jan rubutun. Yanzu na koma duba katin majinyata da hannu. Kati ɗari huɗu da wani abu a durowa shida, kowace safiya ina tsugunne ina duba ɗaya bayan ɗaya, kafin in gama rana ta take, ga majinyata a benci suna tari suna jirana. Shekara biyu suka rage mini in ajiye aiki, ban so in ƙarasa su a durƙushe ba.

Ina dai tuna rediyona. Kana ɗan shekara goma ka kwance shi ka ɗaura, noti uku suka yi saura a tabarma, ka ce mini dama ba su da amfani. Daga ranar ka zama Bakanike. Ina fatan ba irin wannan gyaran kuke yi wa duniya ba.

Ka amsa da wuri don Allah.

Goggonka

*

23 ga Fabrairu

Goggo,

Amin wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, ya sassauta gwiwa. Muna lafiya, jaririya ta fara haƙori, gidan kowa a gajiye yake. Ki ce wa Baba na ji saƙonsa, kuma na kira shi sau biyu wayarsa tana hannun caji.

Ki yafe mini jinkiri. Wallahi na ga wasiƙarki ranar da ta zo, na ce bari in samu natsuwa in amsa yadda ya kamata, natsuwar ce ba ta zo ba. Da na buɗe hoton yau sai kunya ta kama ni, domin gyaran bai kai minti ɗaya ba. A layi na huɗu na abin da na rubuta miki akwai umarnin da muka sauya wa suna bara waccan. Na rubuto miki sabon layin a ƙasa, ki sa mai kwamfuta ya kwafa daidai yadda yake, ya goge tsohon. Shi ke nan.

Bari in ɗan yi miki bayani, tunda kin ce muna kwance duniya. Baƙin allon nan mu shel muke ce masa. Ɗan aike ne tsakaninki da kwamfuta: ki rubuta umarni, ya kai, ya dawo da amsa. Lokacin da na rubuta miki abin nan ni mai amfani da shi ne kawai. Yanzu ina cikin mutum bakwai da ke riƙe da makullinsa, duk abin da zai shiga ko ya fita sai da yardarmu. Ba wanda ya ɗauke mu aiki, bayan aikinmu na ofis muke yi, kowa a ƙasarsa, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Irin wannan shel ɗin akwai tsofaffi da suka shekara talatin ba su sauya komai ba, har kurakuransu sun zama gado, ba mai iya taɓa su. Mu muka ce ba za mu zama haka ba. Shi ya sa har yau lambar da muke sa wa kowace fitowar namu da sifili take farawa. A wajenmu wannan sifilin sanarwa ce: gini bai ƙare ba, duk wanda ya shigo ya san za a iya matsar da ƙofa. Ranar da muka kai lamba ɗaya za mu yi alkawarin daina karya abin da mutane suka saba. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna cewa baɗi.

Duk bayan mako shida mukan fitar da sabo, duk bayan mako shida kuma sai zagi ya sauko. Yanzu haka ƙorafi ɗari uku da saba'in ke jirana. Wannan ya ce mun lalata masa aiki, wancan ya ce mun cika tsoro ba ma sauyawa da sauri. In ka tsaya a ce ka mutu, in ka motsa a ce ka yi ɓarna. Wani lokaci nakan zauna a mota a bakin ofis bayan an tashi, minti goma, ban kunna ta ba, don kawai kada wani ya nemi wani abu a wajena.

Amma Goggo, abin da ya karkace in ba a miƙe shi yanzu ba, gobe mutum dubu ɗari za su jingina da shi a karkace. Gara a ji zafin yau.

Maganar rediyo kuwa, ki yi adalci. Ya yi magana ko bai yi ba?

Ɗanki

*

16 ga Maris

Bakanike,

Sallama da gaisuwa. Allah ya raya mai haƙori. A shafa mata abu mai sanyi a dasashi, kada ku biye wa masu cewa a ba ta wannan a ba ta wancan. Babanka ya ce wayarsa ba ta taɓa shiga caji ba a ranar da ka faɗa. Ku ƙarata can, ni na fita.

Layinka ya yi aiki. Mai kwamfuta ya kwafa, na danna, firinta ta yi kukanta da na saba. Har na ce mata sannu da zuwa, ma'aikaciyar jinya tana yi mini dariya. Mako uku ke nan ban tsuguna gaban durowa ba, gwiwoyina suna yi maka addu'a ko da bakina bai yi ba.

Jerin ma ya ragu. Da nakan samu mutum ashirin, ashirin da biyu, yanzu sha huɗu, sha biyar. Kuma duk sanannun fuskoki ne, masu taurin kan da na saba kokawa da su, babu baƙon suna ko ɗaya. Likita ya ce wa'azin da ya sa a riƙa yi wa sababbin majinyata ne ya fara shiga kunne, har ya faɗa a taron ma'aikata, aka tafa masa. Ni dai shekara ashirin da shida ina aikin nan ban taɓa ganin wa'azi ya yi saurin kama mutane haka ba. Amma wa zai ƙi sauƙi? Na ci gaba da aikina.

Rediyo ya yi magana, ban musa ba. Sai dai tasha ɗaya ta ɓace, wadda nake jin labarai da rana. Na fi wata ina cewa su ne suka daina watsawa.

Bari in ba ka labarin wani tela, ka ji mutanen da nake fama da su. Makon jiya ya zo gwajin kakin tari, siriri, mai surutu, tari yana katse masa magana amma bai fasa ba. Yana zaune gaban teburina ya hango aljihun farar rigata ya yage. Ya ce, "Hajiya, wannan ai cin mutuncin sana'ata ne, miƙo." Ya zaro allura daga wuyan rigarsa, zaren da ke aljihunsa shuɗi ne kawai, ya ɗinke mini tsaf ina cike masa kati. Yanzu ina yawo da farar riga mai shuɗin aljihu. Na ce ya dawo ranar Alhamis ya ji sakamako. Ya ce, "Shago ba ya son a rufe shi sau biyu a mako, ga 'yata ƙarama, uwarta ba ta da mai taya ta." Na ce masa, "Kai dai ka zo. In ma ka manta ni ba na mantuwa, sunanka har tebur zai zo ya same ni, in zo in ja kunnenka." Ranar Alhamis ina wajen taro, amma tunda sunansa bai fito ba, ya zo ke nan ya karɓi maganinsa a tagar ba da magani.

Ka rage zama a mota kai kaɗai. Ka shiga gida, ko kukan jaririya ne ya fi wannan shirun.

Goggonka

*

20 ga Afrilu

Goggo,

Barka da war haka. Muna lafiya, haƙori biyu sun fito, ta gwada su a yatsana. Na sake yin laifin jinkiri, ba ni da bakin ba da haƙuri.

Na ji daɗin wasiƙarki ƙwarai. Jeri ya ragu, babu sabon mai gudun magani, ai wannan abin a yi murna ne. Ki bar likita ya sha tafinsa, mu mun san ƙafar wa ta yi aikin. Kin ga ke nan sabon shel bai cuce ki ba. Da duk masu amfani da shi irinki ne da na yi ƙiba.

Ni kuwa nan wata gardama ce ta ƙi mutuwa. Bari in gaya miki, ko na samu sauƙi a ƙirjina. A da, in aka ba shel jeri aka ce ya fito da duk layin da ranarsa ta girmi kaza, to in ya tarar da gurbin ranar babu komai a ciki, sai ya ɗauke shi kamar ranar da ta fi kowace rana tsufa, ya fito da layin. Wannan ƙarya ce, Goggo. Gurbin da ba a cike ba ba tsoho ba ne, ba sabo ba ne, ba a san shi ba ne kawai. Yaya za a ce abin da ba a sani ba ya girmi wani abu? Shekara biyu ina wannan faɗan, har na ci nasara, muka fitar da gyaran a watan Disamba. Yanzu in ya ga gurbi fayau sai ya tsallake layin ya wuce.

Ɗaya daga cikinmu ta so a sa shel ya riƙa yin gargaɗi duk lokacin da ya tsallake irin wannan layin. Na ƙi. Allo zai cika da surutu, mutane su saba, su daina karantawa. Na ce mun rubuta a takardar sanarwar fitarwa, tana nan a layi na arba'in da wani abu, wanda bai karanta ba shi ya so. To wata huɗu ke nan wani mutum yana rubuto mini kusan kowane mako, wai mun sauya abu a ɓoye. A ɓoye! Abin da aka rubuta baƙi da fari. Jiya na ce masa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, na rufe maganar.

Na gaji, Goggo. Wani lokaci ina jin kamar in miƙa makullin in koma mai kallo. Amma in na tuna cewa ko a teburinki abin yana aiki, sai in ce to ba a banza ba.

Ki gaida mai shuɗin zare. In na zo zan kawo masa wandona, duk sun matse ni ta inda bai kamata ba.

Ɗanki

*

27 ga Afrilu

Ɗana,

Muna lafiya. Babanka lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau.

Na karanta wasiƙarka a tebur lokacin hutun rana. Na kai wajen gurbin da ba a cike ba, na wuce, har na kai wandonka na yi dariya. Sai na dakata. Na koma na sake karantawa a hankali da yatsa, kamar mai koyon karatu.

Ka san wane ne gurbinsa yake fayau a jerina? Wanda aka gwada, aka samu cutar, aka shigar da sunansa, bai taɓa zuwa ya karɓi magani ko sau ɗaya ba. Ba shi da ranar karɓa ta ƙarshe domin ba shi da ta farko. Shekara tara ƙaryar nan da kake faɗa ita take ɗauko mini su ta ajiye a saman takarda.

Na bar shayina na tsuguna gaban durowa. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Lafiya, Hajiya?" Na ce ta kawo kujera ta taya ni. Muka fitar da duk katin da aka buɗe tun ƙarshen Fabrairu. Mutum goma sha ɗaya, ɗana. Goma sha ɗaya suna yawo da cutar, wasu har mako takwas, suna tari a cikin motar haya da ɗakunan kwanansu, ni kuwa ina zaune ina jin daɗin gwiwa. Katin tela shi ne na huɗu da ya zo hannuna.

Wayarsa a kashe. Na bi adireshin. Shagon a rufe, ƙura ta kwanta a kan kwaɗon. Mai gyaran takalma da ke gefe ya nuna mini bene, hawa na biyu. Na hau ina riƙe bango. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinkin an shigo da shi an rufe da zane, an ɗora kwanuka a kai. Yana kwance a katifa, da ƙyar na gane shi, surutun nan duk ya tafi. Da ya gan ni sai ya kalli aljihuna ya yi murmushi, ya ce, "Bai warware ba ko?"

Matarsa ce ta yi maganar da har yanzu take cina. Ba da faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Na yi ta ce masa ya koma. Sai ya ce Hajiya ta ce in akwai wani abu sunansa zai zo mata har tebur. Tunda ba ta neme shi ba, ai ba komai, sanyi ne." Suna ta sayen maganin tari a kemis. Ina tsaye sai na ji ƙaramin tari daga bayan labule. 'Yarsu ce, shekararta uku.

Mun kwantar da shi a ranar. An gwada yarinyar, tana da shi, an fara mata magani. Uwar ta tsira. Shi kuwa likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ɗaga shi ga haske ya sake dubawa.

Sauran goman ina bin su, na samu shida. Likita ya tambaye ni yadda aka yi, a gaban kowa, a ɗakin da aka tafa masa. Na ce ni ce na ga jeri ya ragu ban bincika ba. Gaskiya ce kuma. Raina ya gaya mini tun a watan Maris, na ce masa ya yi shiru domin na gaji da tsuguno.

Ban rubuto don in zage ka ba, ba ni da ƙarfin zagi. Amma kai ka ce in kiɗa ya sauya rawa ta sauya. Ɗana, makaɗi yakan ɗaga kai ya ga ko masu rawa sun ji. Mu nan ba mu ji komai ba. Takardar sanarwarku wa ya aiko mini da ita? Da wane harshe? Garin gyaran gira kun taɓa ido, kuma idon ba naku ba ne.

Ka turo mini gyaran. Har ya zo ina kan kati.

Goggonka

*

28 ga Afrilu

Goggo,

Ga gyaran a ƙasa, layi biyu ne. Zai fito da masu gurbi fayau a sama, kamar da. Na gwada shi sau ashirin da jerin da na ƙirƙira. Duk da haka kada ki yarda da ni, ki gwama da kati.

Na buɗe abin da na rubuta miki shekara tara da suka wuce. A saman layi na shida akwai bayanin da na bar wa kaina: waɗanda ba su fara magani ba za su fito da kansu, domin shel yana ɗaukar gurbi fayau a matsayin mafi tsufa. Da hannuna na rubuta. Na san da wannan ɗabi'ar, na jingina aikinki a kanta, na tafi na manta, na dawo na shekara biyu ina yaƙi a cire ta. A watan Fabrairu kuma da kika turo hoto, layi na huɗu kawai na duba, domin shi ne ya yi ja. Layi biyu ne tsakanina da abin. Kika ce mini babu baƙon suna ko ɗaya, na karanta na ce miki barka.

Yau na rubuta wa sauran shidan, na ba su labarin ba tare da suna ba, na ce a sa gargaɗin nan da na hana. Ɗaya ya kwafo mini maganata ta watan Disamba kalma da kalma, cewa allo zai cika da surutu. Wani ya ce abin tausayi ne, amma bai kamata asibiti ya dogara da abin da lambarsa ke farawa da sifili ba. Ya yi gaskiya. Sai dai ba asibiti ne ya zaɓa ba, wani ɗalibi ne ya sa wa goggonsa don ya burge ta. Wadda ta nemi gargaɗin tun farko kuwa ta rubuta shi ta turo, cikin awa ɗaya. An amince. Amma ba zai fita ba sai nan da mako biyar, domin muna da doka ba a fitar da sauyi a tsakiyar zango, don kada a girgiza mutane. Ni na rubuta dokar.

Na kuma nemi mutumin da na rufe wa magana, na tambaye shi wane aiki yake yi da shel. Wata huɗu yana rubuto mini ban taɓa tambaya ba. Bai amsa ba tukuna.

Ki gaya wa likita laifina ne, ko ki ba ni lambarsa in gaya masa da bakina. Ina tunanin miƙa makullin a ƙarshen wata. Ban san mutum nawa ne irinki ba, masu danna kalma ɗaya da safe su yarda da abin da ya fito.

Yaya jikin tela? Don Allah ki gaya mini ko me ke nan.

Ɗanki

*

19 ga Mayu

Bakanike,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kai da matarka da mai haƙora. Babanka ya ce ka kira shi sau uku a mako ɗaya, yana tambayata ko wani abu ya same ka. Na ce masa girma ne ya fara kama ka.

Tela ya rasu ranar tara ga wata, da hantsi. Kwana goma sha takwas ya yi a gadonmu. Likita ya ce ko da an fara da wuri ba lallai ba ne, cutar ta riga ta yi nisa kafin ya zo. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma tausayina ya ji. Ba ni da hanyar sani, kai ma ba ka da ita, kada ka ɓata kwanakinka kana nema. Allah ya jiƙansa.

Yarinyar tana shan magani, tarin ya ragu, ta fara ƙiriniya. Uwar takan kawo ta duk mako biyu, ba ta taɓa makara ba. Takan gaishe ni da ladabi, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Cikin goman na samu tara, duk sun fara. Ɗaya ya tashi daga gidan da ya ba mu, ba wanda ya san inda ya koma.

Ba zan ba ka lambar likita ba. Kai ka matsar da ƙofa, ni na ga ɗaki ya yi shiru ban leƙa ba, kowa ya riƙe nasa. Maganar miƙa makulli kuma ban yarda ba. Ka ajiye wa wa? Wanda zai karɓa bai san tela ba. Kai ka san shi yanzu, sai ka zauna a wurin da saninka, ko da ba daɗi. Ni ban ce ku daina gyara ba, tsohuwar kwamfutata ma ai ba ta zauna har abada ba. Amma jan rubutun nan da na yi ta tsine wa a watan Fabrairu, shi ne ya fi ƙaunata a cikin duk abin da kuka ƙera. Ya tsaya ya ce mini ba zai iya ba, na koma kati, ba wanda ya ɓace. In za ku karya abu, ku karya shi da ƙara.

Gyaranka yana aiki. Duk da haka kowace Litinin ina tsugunawa gaban durowa in gwama, kuma haka zan yi har in ajiye aiki. Gwiwa ta yi ta ƙorafinta.

Saura abu ɗaya. Da muka kwantar da tela, a kan gadon jinya aka riƙa ba shi magani, ba ta tagarmu ba, don haka gurbinsa har yau fayau yake. Kowace safiya in na danna, sunansa ne farko a takardar, da lambar wayarsa, da adireshin shagon. Mai kwamfuta ya ce minti ɗaya ne ya cire shi. Na san kai ma kana karanta wannan hannunka ya fara ƙaiƙayi.

Kada ka gyara. Na ce masa sunansa zai zo ya same ni har tebur. Ga shi yana zuwa.

Goggonka